Kakawo da baƙar shokola: amfaninsu da iyakarsu ga lafiyar jiki

A ƴan shekarun nan zance ya yawaita a biranen ƙasarmu cewa baƙar shokola maganin hawan jini ce. Tun da yake ciwon tansiyo yana kwantar da magidanta da yawa, ya kamata jama'a su san gaskiyar wannan magana da kuma inda ta tsaya.

Ana yin shokola da ƙwayar kakawo, itaciyar da asalinta ke cikin dazuzzukan Amurka ta Kudu. Mutanen Maya da Azitek na ƙasar Meksiko sun daɗe suna shan ta kafin Sipaniyawa su kai ta Turai a ƙarni na 16. A shekarar 1753 masanin tsirrai Linne ya raɗa mata suna Theobroma, ma'ana abincin alloli. A yau Kodebuwa da Gana ne ke noma wajen rabin kakawon duniya, kuma ƴan cin rani daga Nijar sun sha zubar da gumi a gonakinsa. A wajen masana, kakawo da goro dangi ɗaya ne, kuma dukansu suna da sinadarin kafeyin mai kore gyangyaɗi.

Amfanin kakawo yana cikin wasu sinadarai da ake kira falabanol. Su ne ke sa jijiyoyin jini su saki, su buɗe, jini ya gudana cikin sauƙi. A shekarar 2012 hukumar Tarayyar Turai mai kula da ingancin abinci ta amince cewa miligaram 200 na falabanol a kowace rana yana taimaka wa jijiyoyi su riƙe laushinsu. Ana iya samun wannan adadi cikin garam 10 na baƙar shokola mai yawan falabanol. Ban da wannan, kakawo yana ƙunshe da sinadaran ƙarfe da maganiziyom waɗanda jiki ke bukata.

Sai dai kuma amfanin yana da iyaka. Da masana suka tattara gwaje-gwajen da aka yi, a shekarar 2017, sun iske kakawo yana rage hawan jini da wajen milimita 2 kacal. Wato wanda lokotoro ya auna tansiyonsa ya iske 16, kakawo ba zai sauko da shi ko zuwa 15 ba. Haka kuma wani babban bincike da aka yi a Amurka kan dattawa fiye da 21.000, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2022, ya nuna cewa waɗanda suka sha ƙwayoyin falabanol sun fi sauran ƙarancin mutuwa ta ciwon zuciya, amma jimillar masu kamuwa da cututtukan zuciya da jijiyoyi ba ta ragu sosai ba.

Wani abin lura shi ne, ba kowace shokola ce ke da wannan amfani ba. Falabanol yana da ɗaci, saboda haka masana'antu sukan sarrafa kakawo ta hanyar da ke rage ɗacin, falabanol kuwa ya tafi tare da shi. Shokola mai madara da garin gwangwani da ake dama wa yara da safe, sukari ya fi yawa a cikinsu. Farar shokola kuwa man kakawo ne da madara da sukari. Mai saye ya duba takardar: baƙar shokola ta kirki ita ce mai kakawo kashi 70 cikin 100 ko fiye. Ita ma garam 100 nata yana da kalori wajen 600, don haka gutsure ɗaya ko biyu ya isa a yini.

Mai ciwon sukari ya nemi shawarar likita kafin ya saba da ita. Mai hawan jini kuwa kada ya kuskura ya ajiye ƙwayoyinsa ya dogara ga shokola, domin ciwon ba ya yin sallama, sau da yawa sai ya shanye rabin jiki kafin a farga. Rage gishiri da dunƙulen miya, tafiya a ƙasa, barin taba da zuwa awo a asibiti a kai a kai sun fi ta amfani nesa ba kusa ba. Magidancin da kuɗinsa ba su kai ga shokola ba bai yi asarar komi ba: zogale, kuka, wake da ƴaƴan itace na kasuwa suna nan da arha. Rigakafi dai ya fi magani.