Yunwar Dare da Ciye-ciyen Bayan Isha'i ga Mai Neman Rage Ƙiba

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yunwar dare wadda ke addabar mutumin da ya ɗaura aniyar rage ƙiba. An fara da rarrabe kalmomin da Hausa take bayyana son abinci da su, sannan aka kawo abin da bincike ya gano game da sinadaran ƙoshi da agogon jiki da barci. Matsayin maƙalar shi ne, yawancin yunwar da ke tasowa bayan Isha'i tun da rana ake haddasa ta, don haka tun da rana ya kamata a tare ta.

1.0 Gabatarwa

A al'adar Bahaushe ƙiba ba abin gudu ba ce. Idan aka ce amarya ta murje, yabo ne ga mijinta cewa ya iya kiwo, kuma magidancin da ya ajiye tumbi akan ɗauka daula ce ta zauna masa. Yawaitar ciwon suga da hawan jini a birane ita ta fara sauya wannan tunani, har ya zama a yau likita kan dubi mutum ya ce masa lallai ya rage nauyi.

Wanda ya karɓi wannan shawara yakan ci karo da matsala guda wadda kusan kowa ya santa. Zai wuni yana kame bakinsa, ya tsallake karin kumallo, ya ɗan taɓa abu kaɗan da rana, amma ƙarfe goma na dare na yi sai ga shi a teburin mai shayi ko a gaban tukubar mai tsire. Mace kuwa ta koma madafa ta kankare ƙanzo ko ta dafa taliya bayan yara sun yi barci. Da safe sai nadama, sai a sake ɗaura wata sabuwar niyya mai tsanani fiye da ta jiya. Jama'a kan fassara wannan da raunin zuciya. Fassarar ba ta wadatar ba, domin ta bar jiki da tsarin wuni a waje, alhali a nan ne tushen lamarin yake.

2.0 Yunwa da Kwaɗayi da Marmari

Hausa ba ta tara son abinci a kalma ɗaya ba, kuma rarrabewar da ta yi tana da amfani ga mai neman rage ƙiba. Yunwa kama mutum take yi, ko a ce tana cin sa. A hankali take zuwa, daga ciki take tasowa, ciki ya yi ta ƙugi, jiki ya yi la'asar. Ba ta da zaɓe: mai jin yunwa ta gaskiya zai ci ɗumame, zai ci gaya ko babu miya.

Kwaɗayi kuwa tashi yake yi, kuma ido da hanci ke tayar da shi. Ƙamshin tsire ya bugi mutum, yawunsa ya tsinke, ko da bai daɗe da tashi daga kan akushi ba. Abu ɗaya takamaimai yake nema, in ba shi ba sai rijiya. Ba banza ba Hausawa suka kira shi mabuɗin wahala. Marmari shi ne begen abin da aka daɗe ba a ci ba, kuma shi ne wanda tsananin ƙa'ida ke haifarwa. Wanda ya haramta wa kansa nama ko zaƙi gaba ɗaya ya mayar da abin da yake gani kullum abin marmari, ranar da ya same shi kuwa ba zai ci da lissafi ba.

Akwai abin lura ta fuskar ginin kalma. Sunayen da ake ba cin dare, irin su ciye-ciye da lashe-lashe da tanɗe-tanɗe, duk ninki ne, kuma ninkin yana nuna aikin da ake maimaitawa kaɗan-kaɗan ba tare da tsari ba. Kalaci yana da lokaci da mazauni da ƙarshe, ana wanke hannu a tashi. Ƙwalama ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan, shi ya sa mai yin ta ba ya iya faɗin nawa ya ci.

Daga wannan rarrabewa za a iya fitar da gwaji mai sauƙi. Idan son abinci ya taso da dare, mutum ya tambayi kansa ko zai ci dafaffen wake ko gayan tuwo in an miƙo masa. In zai ci, yunwa ce, kuma tana da haƙƙi. In ba zai ci ba sai dai balangu ko biskit, to kwaɗayi ne.

3.0 Abin da ke Faruwa a Cikin Jiki

Sinadarai biyu ne suka fi shahara wajen tafiyar da yunwa da ƙoshi. Na farko shi ne leftin, wanda Jeffrey Friedman da abokan aikinsa suka gano a Jami'ar Rockefeller ta Amurka a 1994. Kitsen jiki ne ke samar da shi, aikinsa kuwa sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya. Na biyu shi ne girelin, wanda Masayasu Kojima da Kenji Kangawa suka gano a Japan a 1999. Tumbi ne ke fitar da mafi yawansa, yana hauhawa kafin cin abinci, ya sauka bayan an ci.

Idan mutum ya rage nauyi, leftin kan ragu, girelin ya ƙaru. Wani bincike da aka yi a birnin Melbon na Ostareliya, aka wallafa a 2011, ya fara da mutum 50 masu ƙiba waɗanda aka ɗora a kan abinci ƙalilan na mako 10. Sun rage kimanin kilo 13 kowanne a matsakaicin lissafi, amma bayan shekara guda girelin ɗinsu na nan sama da yadda yake tun farko, kuma suna jin yunwa fiye da da. Ke nan jiki ba ya ɗaukar raguwar kitse a matsayin nasara. Fari yake ɗaukar ta, yana kuma ƙoƙarin mayar da abin da ya rasa.

Sai kuma agogon jiki. A 2013 Frank Scheer da abokan aikinsa a birnin Boston sun tsare mutum 12 a ɗakin gwaji na kwana 13, aka raba su da hasken rana da agogo, aka rarraba lokutan cinsu da barcinsu. An tarar yunwa tana da nata lokaci wanda bai dogara da yaushe aka ci abinci ba: takan yi ƙasa wajen ƙarfe 8 na safe, ta kai ƙololuwa wajen ƙarfe 8 na dare. Wannan ya yi daidai da lokacin Isha'i a ƙasar Hausa. Shi ya sa tsallake karin kumallo yake da sauƙi, kame baki da dare kuwa yake da wuya.

Na uku shi ne barci. A Jami'ar Shikago, a 2004, an gwada samari 12 da kwana biyu na barcin awa 4, aka kwatanta da kwana biyu na awa 10 a kan gado. Bayan gajeren barcin leftin ya ragu da kashi 18 cikin ɗari, girelin ya ƙaru da kashi 28, kuma sha'awarsu ta fi karkata ga zaƙi da abinci mai sitaci da gishiri. Wannan ya shafi rayuwar birni ta yau kai tsaye. Manomin da ya ci tuwon dare bayan Magariba ya kwanta da wuri bai bar wa yunwar dare wata kafa ba. Ɗan birni kuwa yana da majalisa da wayar hannu da gidan kallon ƙwallo, inda wasannin Turai na tsakiyar mako ba sa tashi sai ƙarfe goma ko sha ɗaya. Ga shi kuma zai farka da Asuba. Kowace awa da aka ƙara a farke dama ce ta ci, kuma ragi ce daga barcin da zai daidaita yunwar gobe.

4.0 Lokaci ne Matsalar ko Yawa?

An daɗe ana cewa duk abin da aka ci da dare kitse yake zama. Maganar ta wuce gona da iri. A 2022 masu bincike a Jami'ar Aberdeen ta Sikotlan sun ba mutum 30 abinci mai kalori daidai wa daida, wani lokaci mafi yawansa da safe, wani lokaci da yamma, mako huɗu-huɗu. Nauyin da aka rage bai bambanta ba, kimanin kilo 3 ta kowace hanya. Bambancin da aka samu shi ne, masu cin mai yawa da safe sun fi samun sauƙin yunwa a tsawon wuni. A shekarar dai, wani gwajin a Boston da mutum 16 ya nuna jinkirta abinci da awa huɗu yana ƙara yunwa, yana kuma ɗan rage ƙarfin da jiki ke ƙonawa. Gwaje-gwajen ƙanana ne, amma sun nuna hanya ɗaya: lokaci yana da tasiri, sai dai babban tasirinsa ta hanyar yunwa yake bi, ita kuma ta kai ga ƙarin ci.

Lissafi zai fito da abin fili. Mai rage ƙiba yakan nemi rage kimanin kalori 500 daga abin da jikinsa ke buƙata a wuni. Ƙaramin ƙunshin Indomie ya haura kalori 300. Ƙwai biyu sun kai 150, cokalin cin abinci ɗaya na mai kuma kimanin 120. Kafin a zo kan shayi mai madara da sukari da rabin burodi, wahalar wunin gaba ɗaya ta tafi a zama ɗaya. Kwalbar lemo mai santilita 35 tana ɗauke da sukari kimanin giram 35, alhali shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2015 ita ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na kalorin wuni, wato kusan giram 50 ga baligi. Gyaɗa ma, wadda ake raina wa, giram 100 nata ya haura kalori 550, kuma ba wanda ke ƙirga ta idan hira ta yi daɗi.

5.0 Hanyoyin Shawo Kan Matsalar

Ba a fafe gora ranar tafiya. Babban matakin shi ne a daina tara yunwa. Wanda ya karya da ƙosai ko alale ko ƙwai, ya ci abincin rana na kirki, zai isa dare da sauran ƙarfin hali. Wanda ya wuni a kan koko da ruwa kuwa ya haɗa yunwar wuni da ƙololuwar agogon jiki a lokaci guda, kuma da wuya niyya ta rinjayi su biyun.

Tuwon dare kansa yana buƙatar gyara, ba sokewa ba. Malmala uku da miya ƙalilan ba sa riƙe ciki kamar yadda nauyinsu ke nunawa, musamman tuwon shinkafa ko na garin da aka cire wa dusa, domin suna narkewa da wuri. Abin da ke daɗewa a ciki shi ne furotin da ganye. A rage malmala, a yawaita miyar kuka ko kuɓewa ko taushe, a sa wake ko kifi ko nama, a rage man da ake kwararawa a kai. Kwaɗon zogale ko na rama abinci ne mai kyau a nan, muddin ba a cika masa ƙuli-ƙuli da mai ba.

Idan duk da haka yunwa ta gaskiya ta zo, kwana da ita ba jarunta ba ce, domin takan hana barci, rashin barcin kuma ya ninka ta gobe. Gara a tanadi abu ƙarami tun da rana: dafaffen ƙwai ɗaya, ko kofin kindirmo marar sukari, ko gurji da yalo, ko yankan gwanda. A zuba a kwano, a zauna a ci, a wanke hannu. Wato a mayar da shi ƙaramin kalaci mai farko da ƙarshe. Ci daga cikin leda ana kallon waya shi ne ainihin ciye-ciye.

Kwaɗayi kuwa da dabara ake yaƙarsa, ba da ƙarfi ba. Yakan tashi ya kwanta idan aka ba shi ɗan lokaci, kuma tunda ido da hanci ne ƙofofinsa, sauya hanyar komawa gida don kauce wa tukuba ya fi tsayawa gabanta ana jan numfashi. Abin da ba a ajiye a ɗaki ba, ba a cin sa da tsakar dare. Tsiren kuma a ba shi ranarsa da adadinsa, don kada ya koma abin marmari. A lokacin zafi yana da kyau a fara da shan ruwa, domin mutum kan nufi lemo ko fura mai sukari alhali ƙishirwa ce kawai ke damun sa.

Goro da shayi da kofi suna ɗauke da kafin, wanda rabinsa kan kai kimanin awa biyar bai bar jiki ba. Goron da aka tauna bayan La'asar yana iya hana idon rufuwa da wuri. Baligi na buƙatar barcin awa bakwai ko fiye, kuma ana so a bar awa biyu zuwa uku tsakanin cin abinci mai nauyi da kwanciya saboda ƙwannafi.

6.0 Inda Yunwar Dare ta Zama Alamar Cuta

Ba kowace yunwar dare ce ake magancewa da tsarin abinci ba. Tun a 1955 likitan nan Albert Stunkard ya bayyana wata larura ta cin dare, wadda a yau ake gane ta idan mutum yana cin kashi ɗaya cikin huɗu na abincinsa na wuni bayan abincin dare, ko yana farkawa daga barci don ya ci aƙalla sau biyu a mako, tare da rashin son abinci da safe. Sau da yawa tana tafiya da damuwa da rashin barci, kuma tana buƙatar ganin likita.

Mai ciwon suga da ke amfani da allurar insulin ko wasu ƙwayoyin rage suga, idan ya farka da yunwa da gumi da rawar jiki, yana iya kasancewa sugansa ne ya faɗi. Wannan ba wurin haƙuri ba ne: ya sha abu mai zaƙi nan take, sannan ya sanar da likitansa, musamman idan ya rage abinci ba a rage masa magani ba. Mai gyambon ciki ma yakan ji zafi da tsakar dare wanda ke lafawa idan ya ci wani abu, har ya ɗauka yunwa ce. Mai juna biyu da mai shayarwa kuwa buƙatar jikinsu ta ƙaru, bai kamata su shiga tsarin rage abinci ba sai da shawarar ma'aikatan lafiya.