Ciwon suga: Cire sukari daga shayi kaɗai ba ya wadatarwa

Da zarar likita ya ce wa mutum sugansa ya hau, abin da yakan fara yi shi ne daina sa sukari a shayi. Bayan wata uku sai ya koma asibiti, awo ya nuna kusan babu abin da ya sauya. Galibi matsalar tana cikin kwanon tuwo ne.

Shinkafa, masara, gero, dawa, doya, rogo da burodi duk sitaci ne, kuma jiki na narkar da sitaci ya mayar da shi suga. Malmala uku ta tuwon shinkafa da dare ta fi cokalin sukarin da aka bari da safe ɗaga sugan jini nesa ba kusa ba. Masu komawa tuwon alkama ko na acca suna cika kwano ma ba su tsira ba, domin su ma sitaci ne. Haka zuma, duk da darajarta, tana ɗaga suga.

Masana abinci na ba da shawarar a raba faranti: rabi ganye, kamar zogale, rama, alayyahu ko kabeji, kashi ɗaya cikin huɗu wake, kifi, ƙwai ko nama, sauran kuma tuwo ko shinkafa. Wato miya ta yi yawa, tuwo ya ragu. Amfanin wannan tsari shi ne ba sai an ɗora wa mai ciwon tukunya daban ba, abin da yawancin gidaje ba za su iya jurewa ba.

Abin sha kuwa ya fi saurin yin ɓarna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a rana, wato kimanin giram 50 ga baligi. Robar lemo ɗaya mai 50cl na iya cinye wannan adadi. Zoɓo, kunun zaƙi da furar da aka zuba wa sukari su ma a yi hattara da su.

Gwajin HbA1c na nuna matsakaicin sugan jini na wata biyu zuwa uku, don haka kame baki kwana biyu kafin ganin likita ba ya ɓoye komai. Mai allurar insulin ko shan magani kuma kada ya riƙa tsallake abinci ko ya daina magani ba tare da sanin likita ba, domin faɗuwar suga na iya sumar da mutum.