DABARAR LABARI CIKIN LABARI A ƘAGAGGUN LABARAN HAUSA NA FARKO

1.0 Gabatarwa

Idan ana nazarin salo a makarantunmu, akan fi mai da hankali ga adon harshe, kamar kamantawa da siffantawa da jinsintarwa, a bar dabarun ginin labari a baya. Wannan takarda za ta dubi ɗaya daga cikin waɗannan dabaru, watau saka labari cikin labari, don a nuna aikin da ta yi wa marubutanmu na farko.

2.0 Matsalar da Marubutan Suka Tarar

A shekarar 1933 ne Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Dokta R. M. East, ta shirya gasar da ta haifar da *Ruwan Bagaja* da *Ganɗoki* da *Shaihu Umar* da *Idon Matambayi*. Kafin wannan lokaci, Bahaushe da kunne ya saba karɓar ƙagaggen labari. Mai tatsuniya yakan ce "ga ta nan, ga ta nanku", a amsa masa, yana kallon fuskokin masu sauraro, ya tsawaita inda ya ga ana jin daɗi, ya taƙaita inda ya ga gyangyaɗi. Shi kuwa marubuci ba ya ganin kowa. Maganin da yawancinsu suka samo shi ne su ƙago mai ba da labari da masu sauraronsa, su zaunar da su a cikin littafin.

Alal misali, a *Ruwan Bagaja* na Abubakar Imam, Alhaji Imam ne yake kwashe labarin yawonsa yana gaya wa Koje Sarkin Labari. A littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma, almajirai ne suka tambayi Shaihu Umar asalinsa. Ta haka mai karatu yakan ji kamar shi ma ya sami gefen tabarma a zauren.

3.0 Yadda Dabarar Take Aiki a *Magana Jari Ce*

A wannan littafi, wanda ya fara fitowa a 1937, dabarar ta kai maƙura. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri kuwa ya ƙulla makircin hallaka yaron idan ya fita. Duk daren da Musa ya yi shirin bin sawun mayaƙa, sai Aku ya tsare shi da labari har gari ya waye. Aiki uku wannan tsari yake yi.

Na farko, jan rai. Kowane ɗan labari yana da nasa ƙarshe, amma zuciyar mai karatu tana rataye da tambaya guda: shin gobe ma Aku zai iya riƙe Musa?

Na biyu, haɗa kan abin da yake warwatse. Imam ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya yi musu riga da wando na Hausa. Ba don Aku ba, da sun zama tsintsiya marar maɗauri.

Na uku, warwarar jigo. Tsuntsu ya ceci ɗan sarki da fatar baki, har daga baya aka naɗa shi Waziri. Ashe ginin littafin da kansa shi ne hujjar sunansa.

Gaskiya ne an san irin wannan tsari a *Dare Dubu da Ɗaya*. To, amma aro ba ya zama gwaninta sai ya biya bukatar mai aron, kuma a nan ya biya.

4.0 Iyakar Dabarar

Mai ba da labarin kansa ba shi da ikon faɗin abin da bai gani ba. Shi ya sa inda *Shaihu Umar* ya koma bin wahalar da uwar Umar ta sha wajen nemansa, dole mai karatu ya ɗauka cewa daga bakinta ya ji bayan sun sadu.

5.0 Kammalawa

Saboda haka, ya kamata malamin adabi ya riƙa tambayar ɗalibansa abu uku game da kowane littafi: wa yake magana, wa yake sauraro, me kuma zai faru idan mai maganar ya yi shiru? Ɗalibin da ya amsa waɗannan ya kama hanyar gane zubi da tsarin littafin.