Wasannin Gem Uku da Ba Sa Lallashin Mai Bugawa

Mafi yawan samarin da ke cika shagunan gem a Kano ko Kaduna ƙwallo ce ke kai su. A biya kuɗin wasa ɗaya, a zaɓi Real Madrid ko Barcelona, a fafata na 'yan mintoci, wanda aka ci ya tashi ya ba wani wuri. Akwai kuma wani nau'in wasa da bai dace da wannan tsari ba: wanda ake damƙa maka jarumi ka yi doguwar tafiya da shi cikin labari, kana ƙara masa ƙarfi, kana zaɓa masa makami da abokan tafiya. Wannan sai da na'ura a gida, da wuta, da haƙurin makonni. A 'yan watannin nan na buga uku daga cikinsu a PlayStation 5, kuma abin da ya haɗa su a wurina shi ne kowanne ya mayar da faɗuwa wani ɓangare na wasan kansa.

Elden Ring ya fito a watan Fabrairun 2022 daga kamfanin FromSoftware na Japan, ƙarƙashin jagorancin Hidetaka Miyazaki, kuma marubucin nan George R. R. Martin ne ya tsara tarihin duniyar wasan. Da zarar ka fito daga kogon farko zuwa filin Limgrave, za ka hango wani barde cikin sulken zinare yana sintiri a kan doki. Kusan kowa sai ya tare shi, kuma kusan kowa sara biyu ko uku ke gamawa da shi. Babu rubutun da zai ce maka ka kauce. Kai ne za ka gane cewa fili na da faɗi, ka zagaya ta cikin ciyawa, ka je ka yi ƙarfi ka dawo.

Haka Margit, wanda ke tsare hanyar shiga ganuwar Stormveil. Yakan ɗaga sandarsa ya riƙe ta a sama, ka tsorata ka yi tsalle da wuri, sai a lokacin ya sauke ta a kanka. Sai ka sha kashi a hannunsa sau da dama kafin yatsunka su koyi jira. In ka mutu, duk abin da ka tara na sayen ƙarfi yana zubewa a inda ka faɗi. In ka sake mutuwa kafin ka kai wurin, ya tafi ke nan. Abin da bai gamsar da ni ba shi ne yadda aka warwatsa labarin cikin bayanan takubba da layu, har mutum ya yi nisa bai san dalilin yaƙin da yake yi ba. Sannan ba shi da maɓallin dakatarwa irin na sauran wasanni, ko da an ƙwanƙwasa maka ƙofa.

Baldur's Gate 3 na kamfanin Larian da ke Beljiyam, wanda ya fito a 2023, ya fi tsaya mini a rai. An gina shi a kan dokokin Dungeons & Dragons, wasan tebur da aka fara bugawa a Amurka a 1974. Saboda haka duk lokacin da za ka lallashi wani, ko ka buɗe kwado, ko ka yi ƙarya, sai ɗan lido mai fuska 20 ya bayyana a allo, a gaya maka lambar da ake buƙata, ka jefa.

Ga misali guda. A farkon wasan akwai wani kurmi da 'yan gudun hijira suka fake a cikinsa, masu wurin kuma suna son korar su. Wata yarinya mai suna Arabella ta saci gunkin masu kurmin, aka kama ta. Shugabarsu Kagha ta tsayar da ita, ga maciji a gefenta yana jiran umarni. Kana iya sa baki, amma in lambar ba ta kai ba, yarinyar na iya mutuwa a gabanka, kuma labari ya ci gaba a haka, iyayenta na waje suna jira. Hannu yakan yi ƙaiƙayin komawa inda aka adana wasan a sake jefawa. Ni dai na ga ya fi ma'ana in aka bar abin da ya faru ya zauna, domin masu ƙirƙirar wasan sun rubuta abin da zai biyo bayan rashin nasara da irin kulawar da suka ba nasara. Kana ma iya haɗa kai da maharan da ke son ƙona kurmin, sai dai wasu abokan tafiyarka, irin su Wyll da Karlach, za su rabu da kai.

Iyaye su sani: a Turai an ware wannan wasa ga 'yan shekara 18 zuwa sama, saboda zubar da jini da tsiraici. Ba na yara ba ne. Yana kuma buƙatar Turanci mai ƙarfi, don rabin daɗinsa a cikin hira yake.

Na ukun shi ne Clair Obscur: Expedition 33, wanda wani ƙaramin kamfani a birnin Montpellier na Faransa, Sandfall Interactive, ya fitar a Afrilun 2025. Kowace shekara wata mai zane tana rubuta lamba a jikin wani ƙaton dutse, waɗanda shekarunsu suka kai lambar su ɓace su zama furanni a iska. Lambar tana raguwa, ta iso 33. Kowace shekara kuma ayari yana fita don ya kashe mai zanen, ba ya dawowa. A hanya kana tsintar littattafan da ayarin baya suka bari, kana hutawa a gindin tutocinsu, kana hawa dutse da matakan da suka kafa kafin su mutu. Faɗan bi da bi ake yi, amma in abokin gaba ya kawo hari dole ka danna maɓalli a daidai lokacin don ka kauce ko ka tare. Kiɗan da Lorien Testard ya tsara ma abin saurare ne. Rashin taswira a cikin wasu wurare yakan sa mutum ya yi ta zagaye.

Wanda ya saba da ƙwallo kuma yake son ɗanɗana wannan fage, da Clair Obscur zan ce ya fara: labarinsa a miƙe yake, ana iya rage wahalarsa, kuma ana kai ƙarshensa cikin awa 30 ko makamancin haka. Baldur's Gate 3 kuwa yana iya cin fiye da awa 100, kuma sauke shi ta intanet kaɗai zai lashe data mai yawa. A inda wuta ke ɗaukewa babu sallama, a riƙa adana wasan da hannu kafin kowane babban faɗa.