Kaka a gonakin Bauchi: shamuwa ta tafi, ungulu na neman ɓacewa

Da zarar ruwan sama ya ɗauke a watan Oktoba, gonakin da ke kewaye da birnin Bauchi kan yi sababbin baƙi. Shamuwa, wadda ta iso da damina, takan kama hanyar kudancin Afirka, shirwa kuma ta dawo tana shawagi bisa karan geron da aka girbe. A lokacin ne ƙananan tsuntsayen da suka tsallako Sahara daga Turai ke sauka a fadamu da bakin madatsar ruwa ta Gubi.

Manomi ya san abokinsa a cikinsu, ya san abokin gabarsa. Balbela na bin shanu tana rage masa fara, jan baki kuwa kan afka wa dawa da shinkafa garke-garke.

Wadda ido ke nema a rasa ita ce ungulu, da a da ke cika mahauta. A 2015 ƙungiyar IUCN ta sanya ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, saboda guba da farautarta da ake yi don maganin gargajiya. Inda ta ɓace, mushe kan daɗe a fili, karnuka su yawaita.

Gandun dajin Yankari, da aka kafa a 1956, na da nau'in tsuntsaye sama da 350. Sai dai na gona ba su da mai gadi. Cibiyar APLORI da ke Jos tana tattara bayanan masu sa kai, kuma ma'aikacin da ya je gida hutu na iya aika mata abin da ya gani da hantsi.