Shin kwamitin ƙungiya zai iya kaɗa ƙuri'a ta imel ko WhatsApp?

Mu da ke zaune a Legas ko Fatakwal mun san wahalar tara 'yan kwamiti wuri guda. Shugaba na Agege, ma'aji na Mile 12, wani ya tafi gida ganin iyali, ga cunkoson motoci. Shi ya sa sakatarori da yawa ke tura saƙo ta imel ko WhatsApp, kowa ya rubuta "na yarda" ko "ban yarda ba", a ce magana ta ƙare. To, hakan ya halatta? Amsata a taƙaice: sai in kundin tsarin mulkin ƙungiyar ya ba da dama a fili.

Littafin da ya fi shahara kan ƙa'idojin gudanar da taro shi ne Robert's Rules of Order, wanda wani hafsan sojan Amurka, Henry Martyn Robert, ya wallafa a 1876, bugu na 12 ya fito a 2020. Ba dokar Najeriya ba ne, amma hujjarsa ta shafe mu. A wurinsa, ana yanke shawara ne a zaman da kowa ke jin kowa a lokaci guda. Don haka taro ta waya ko Zoom zai iya wucewa idan kundin ya amince, imel kuwa ba ya zama taro.

Ga misali. A ce kwamiti mai mutum tara zai fitar da kuɗi a sayi fili. Biyar sun rubuta "na yarda" da safe. Da yamma ma'aji ya shigo ya ce takardun filin suna da matsala. Da a zaune ake, da sun ji wannan kafin su ɗaga hannu. Wani kuma ya ce a rage kuɗin, uku suka goyi bayansa. Yanzu wanne aka amince da shi, na farko ko na biyu? Daga nan rigima ke farawa.

A nan gida, dokar kamfanoni ta CAMA 2020 ta yarda daraktocin kamfani su yanke shawara a rubuce ba tare da zama ba, amma da sharaɗin dukkansu su sa hannu. Rinjaye bai isa ba, mutum ɗaya ya ƙi, sai an zauna. Ƙungiyoyin da suka yi rajistar amintattu a hukumar CAC kuwa, kundin da suka miƙa shi ke jagorantarsu.

Kada wani ya ce ai kotu na karɓar saƙon waya. Gaskiya ne, sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya ba da wannan dama bisa wasu sharuɗɗa. Sai dai saƙon zai nuna abin da aka rubuta ne kawai, ba zai halatta shawarar da aka yanke ta hanyar da kundi bai sani ba.

In abin gaggawa ya taso fa, kamar rasuwa ko gobara a kasuwa? Shugabanni na iya tuntuɓar juna su ɗauki mataki, sannan su kawo shi zama na gaba a amince, a shigar a rahoton taro. Amma su sani, in zaman ya ƙi, nauyin yana wuyansu.

Shawarata ita ce a gyara kundin a babban taro, a kai gyaran CAC. A fayyace irin batutuwan da za a iya yankewa ta saƙo, kwana nawa za a jira, mutum nawa za su amsa, kuma a rubuta ƙarara cewa shiru ba amincewa ba ne. Sayar da kadara, cire shugaba da manyan kuɗi, a bar su sai an haɗu ido da ido.