Furen Bakin Ƙofa Da Ya Zama Maganin Sankarar Yara

Akwai wata 'yar fulawa wadda yawancinmu muka sani da ido, ko da yake ba mu san sunanta ba. Akan shuka ta a bakin ƙofar gida, da harabar makaranta, da ta asibiti. Ganyenta kore ne mai sheƙi, furenta fari ko ruwan hoda, ya rabu kashi biyar. Tana jimre rani ƙwarai. Asalinta daga tsibirin Madagaska ne, masana kuwa suna ce da ita Catharanthus roseus. Daga cikin wannan ƙaramar shuka aka fitar da magunguna biyu na sankara, wato ciwon daji, waɗanda suka ceci ran yara masu ɗimbin yawa. Ya kamata kowane uba da kowace uwa su ji yadda abin ya faru, gama akwai gargaɗi a cikinsa.

Mene Ne Alkaloyid?

Itatuwa ba su da ƙafar gudu, ba su da hannun korar ƙwari. Saboda haka da yawa daga cikinsu suna da wasu sinadarai masu ɗaci da ƙarfi a ganye, ko ɓawo, ko saiwa, domin su kare kansu. Wani kashi na waɗannan sinadarai shi ne masana ke kira alkaloyid. Ba baƙi ba ne gare mu. Abin nan da ke cikin goro mai hana barci, alkaloyid ne. Haka kuma wanda ke cikin taba. Kwinin, tsohon maganin zazzaɓin cizon sauro, shi ma alkaloyid ne, wanda wasu Faransawa biyu suka tace daga ɓawon wani itace na Kudancin Amurka a shekara ta 1820. Halinsu ɗaya ne: kaɗan yakan yi aiki a jiki, in ya yi yawa kuwa ya zama dafi.

Ana Neman Wani, Aka Sami Wani

A tsibirin Jamaika mutane sun saba dafa ganyen wannan fure su sha domin ciwon sukari. A shekara ta 1952 aka aika da ganyen a cikin ambulan zuwa ƙasar Kanada, ya kai hannun Dakta Robert Noble na Jami'ar Western Ontario. Ya gwada shi a kan dabbobi, bai ga ya rage sukarin jini yadda ake faɗa ba. Amma da aka yi wa ɓeraye allurar ruwan ganyen, sai suka kamu da cuta suka mutu. Da aka duba, sai aka tarar fararen ƙwayoyin jininsu, waɗanda suke yaƙi da cuta, sun ragu ƙwarai.

Wani da ya zubar da ganyen ya ce aikin banza ne. Dakta Noble kuwa ya yi tunani. Akwai wata sankara ta jini wadda take sa ɓargo ya yi ta haifar fararen ƙwayoyi marasa amfani ba tsayawa. In ganyen nan yana rage su, ai watakila zai iya tare wannan ciwo. Shi da wani masanin sinadarai mai suna Charles Beer suka duƙufa, har a shekara ta 1958 suka tace ainihin sinadarin, wanda ake kira binbilastin. A lokacin nan kuma ma'aikatan kamfanin Eli Lilly na Amurka suna kan binciken wannan shuka, suka fitar da ɗan'uwansa binkiristin, aka yarda a fara ba marasa lafiya a Amurka a 1963. A jikin kwalba akan rubuta su vinblastine da vincristine.

Yadda Suke Aiki

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani. Ƙwaya ɗaya takan rabu biyu, ta haka yaro yake girma, rauni kuma yake warkewa. Sankara ita ce ƙwayoyin da suka ƙi tsayawa, suna ta rabuwa ba ƙa'ida. Sa'ad da ƙwaya za ta rabu, takan shimfiɗa wasu siraran zaruruwa a cikinta, su ja kayan gadonta rabi nan rabi can. Waɗannan magunguna suna hana zaren ƙulluwa. Ba zare, ba rabuwa, sai ƙwayar ta mutu.

Kafin zuwan irin waɗannan magunguna, yaron da ya kamu da sankarar jini da wuya ya tsira. Yau a ƙasashen da ke da kayan aiki, wajen yara 9 cikin 10 masu irin sankarar jinin da ta fi kama yara suna warkewa. Ba binkiristin kaɗai ya yi wannan aiki ba, akan haɗa shi da wasu magunguna, amma har yanzu yana cikin na gaba. Binbilastin kuwa ana amfani da shi ga ciwon Hojkin, wata sankara ta kaluluwa.

Abin Da Ya Shafe Mu

A shekara ta 1958 wani likitan fiɗa ɗan ƙasar Ailan, Denis Burkitt, wanda yake aiki a asibitin Mulago a Kampala ta Uganda, ya ba da bayanin wani kumburi mai kama yara a muƙamuƙi ko a ciki. Ciwon ya fi yawa inda zazzaɓin cizon sauro ya yi ƙarfi, har da Nijeriya. Yana girma da sauri ƙwarai, cikin kwana ɗaya ko biyu yana iya ninka kansa. Amma kuma yana jin magani da sauri, binkiristin kuwa yana cikin magungunan da ake haɗawa dominsa. Dakta Victor Ngu, ɗan Kamaru wanda ya yi aiki a Ibadan, yana cikin waɗanda suka nuna cewa magani yana warkar da wannan ciwo, har aka ba shi lambar girma ta Lasker a 1972 tare da Burkitt da wasu.

Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da yara 80 cikin 100 masu sankara suna warkewa, amma a ƙasashe matalauta da yawa ba su kai 30 ba. Cikin dalilan akwai jinkirin zuwa asibiti, da tsadar magani, da barin magani a tsakiya.

Ganye Dabam, Magani Dabam

To, kada wani ya karanta wannan ya ruga bakin ƙofa ya tsinko ganye ya dafa wa mara lafiya. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Sai an tara busasshen ganye wajen kilo 500 kafin a sami giram 1 na binbilastin, binkiristin kuwa wajen kilo 2,000. Abin da ke cikin tukunya ɗaya ba zai taɓa sankara ba, alhali sauran sinadaran ganyen, waɗanda sun fi 100, suna iya cutar da mutum. Ko tataccen maganin ma ba a shan sa. Ta jijiyar jini kaɗai ake ba da shi, bisa ga ma'aunin jikin mara lafiya, likita yana lura, gama yakan sa yatsu su yi kamar sun mutu, ciki ya ɗaure, gashi ya zube.

Ba mu rena sanin kakanni ba. Da mutanen Jamaika ba su riƙe ganyen nan ba, da ambulan ɗin nan bai tafi Kanada ba. Amma mu lura, ciwon da suke sha dominsa dabam, wanda ya warkar dabam. Gwaji da awo ne suka raba gaskiya da zato. Ta wannan hanya aka sami wasu magungunan sankara daga wani itace na ƙasar Sin da wani na yammacin Amurka. Bincike bai tsaya ba: a 2022 masana suka koya wa yisti, irin na burodi, ya yi sinadaran da ake haɗa binbilastin da su, domin a rage dogara ga ganye.

Iyaye, ga namu aikin. In muka ga kumburi a muƙamuƙin yaro ko cikinsa yana ƙaruwa, ko haƙora suna girgiɗi ba dalili, ko zazzaɓi ya ƙi jin magani, yaro ya ɗashe, jini yana fita daga hanci ko dasashi, kada mu ɓata makonni muna jiƙe-jiƙe. Mu kai shi asibiti, mu yarda in an tura mu babban asibiti. In an fara magani kumburi ya sauka, kada mu ce ya warke mu daina, sai likita ya ce an gama. Maƙwabcin da wannan nauyi ya faɗa wa kuwa, mu taimake shi da kuɗin mota da abinci, domin yaron ya kai ƙarshen maganinsa.